Yadda taken Sarkin Ingila ya ɗauko muryar coci

A ƙarshen Satumba na 1745, kwanaki kaɗan bayan dakarun Charles Edward Stuart, mai neman karagar mulki, sun fatattaki sojojin Sarki George na Biyu a Prestonpans, aka rera "God Save the King" a gidan wasan kwaikwayo na Drury Lane da ke Landan, bisa tsarin da Thomas Arne ya yi masa. A dandalin wasa ya fito fili, amma da kayan coci aka ɗinka shi. Kalmomin da ya ci suna da su suna nan cikin Littafi Mai Tsarki, a addu'ar da jama'a suka yi wa Sulemanu ranar naɗinsa, kuma baitocinsa roƙon Allah ne. Karinsa ma na masu ibada ne. Yana tafiya a natse, ba ya hawa can sama, kusan kowace gaɓa da amonta guda, yadda dattijo da ɗan makaranta za su bi shi ba sai an koya musu ba.

Dalilin a bayyane yake. Tun 1534 sarki ne shugaban Cocin Ingila, saboda haka yi masa addu'a da yi masa mubaya'a sun zama abu guda a bakin talaka.

Coci ma ta karɓi abinta. Waƙar yabon nan "Come, Thou Almighty King", wadda ta bayyana wajajen 1757, a kan ma'aunin taken aka tsara ta, sai dai ta mayar da kirarin ga Allah. A 1831 kuma, a wata coci da ke Boston, yara suka rera waƙar kishin Amurka da Samuel Francis Smith ya ɗora a kan karin sarkin da kakanninsu suka yi wa tawaye. Daular Jamus ta yi amfani da shi har 1918, Liechtenstein kuwa har gobe.

Abin da ya fi damuna shi ne tasirinsa a ƙasashen da Ingila ta mallaka. Ya koya wa gwamnatoci cewa taken ƙasa sai ya yi kama da waƙar majami'a kafin a ga girmansa. Najeriya, mai kakaki da algaita da tambura, ta karɓi 'yanci a 1960 da taken da wata Baturiya, Lillian Jean Williams, ta rubuta a wannan salo, kuma bayan an sauya shi, shi majalisa ta dawo da shi a 2024.