Bindiga A Gidan Haya: Harsashi Bai San Maƙwabci Ba

Tun shekarar 2021, wadda a cikinta 'yan bindiga suka kashe Sardaunan Kontagora a gonar mahaifinsa, suka kuma kwashe yara 'yan makaranta a Kagara da Tegina, magidanta da yawa a ƙasar Sarkin Sudan suke tunanin ajiye bindiga a ɗaka. Har mutanen Kontagora mazauna Agege da Sabon Ibadan sukan sami saƙo daga gida cewa a aiko da kuɗin makami. Kafin mai karatu ya aika, ya kamata ya tuna da irin gidan da za a ajiye ta.

A dā gidan Bahaushe yana da katangar ƙasa mai kauri, da zaure, da fili tsakanin ɗaki da ɗaki. Yanzu kuwa mutanen ƙauye da suka gudo cikin gari sun cika gidajen haya, watau ɗakuna a jere, bango ɗaya ya raba iyali biyu. Bangon nan sau da yawa bulo ne mai rami a ciki, ƙofa kuwa langa-langa ce ko katako. Harsashin babbar bindiga yana iya huda irin wannan bulo ya wuce, balle ƙofa da taga. Bindigar toka ma gubarta watsuwa take yi. Mutumin da ya farka cikin duhu a firgice ya yi harbi, bai san inda harsashinsa zai tsaya ba, alhali a bayan bangon akwai yaran maƙwabcinsa suna barci a tabarma.

Doka ma ba ta bar abin sakaka ba. Dokar Makamai ta 1959 ta ce bindiga mai baki ɗaya ko biyu sai da lasin daga Sufeto Janar na 'Yan Sanda, bindigar toka kuma a hannun Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha iznin yake. Ba a ba wanda bai kai shekara 17 ba, ko mai taɓin hankali, ko mai raunin gani. Dokar fashi da makami ta 1984 ta tanadi tarar N20,000, ko ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba, ko duka biyu, ga wanda aka kama da bindiga ba lasin. A 2023 kuma hukumar 'yan sanda ta ba da sanarwar dakatar da ba da sabon lasin. Tsarin mulki ya yarda mutum ya kāre ransa da dukiyarsa, amma wanda ya harbi maƙwabci bisa ganganci zai tsaya gaban alƙali.

Wanda yake da lasin tun dā, wajibi ne ya ajiye bindigar ba harsashi a ciki, a kulle inda yaro ba zai kai ba, kada kuma ya harbi abin da idonsa bai tantance ba.

Ga mai niyyar aika kuɗi gida, ƙofar ƙarfe da sakata mai kyau, da fitila a tsakar gida, da usur a kowane ɗaki, da gudummawa ga 'yan sintirin da Mai Unguwa da 'yan sanda suka sani, sun fi amfani. Idan aka yi sata, ana iya mai da kaya, amma ɗan maƙwabci in ya mutu ba mai dawo da shi, zumuncin gidajen biyu kuwa ya lalace ke nan. Allah ya zaunar da ƙasar Nagwamatse lafiya, amin.