Mutuncin Tsoho A Kan Shimfiɗar Jinya

Akwai ciwon da likita kan duba ya ce ya wuce warkewa, kamar dajin da ya riga ya bazu cikin jiki. Mutane da yawa sukan ɗauka daga nan aikin likita ya ƙare, sai jiran wa'adi. Alhali kuwa da sauran babban aiki, watau tsare wa majinyaci mutuncinsa har ranar da zai cika. Dattijon da aka shekara da shekaru ana durƙusawa ana gaishe shi, babu abin da ke karya masa zuciya kamar jikoki su ji yana kururuwa da tsakar dare, ko surukarsa ta shigo ɗakin tana toshe hanci.

Wadda ta aza harsashin wannan fanni wata likita ce 'yar Ingila, Cicely Saunders, da ta buɗe gidan jinya na St Christopher a Landan cikin 1967. Amma labarin da ya fi kusa da talaka na ƙasar Yuganda ne. Cikin 1993 wata likita mai suna Anne Merriman, wadda ta yi aiki a Nijeriya da ƙuruciyarta, ta kafa Hospice Africa a Kampala. Ba ta soma ba sai da hukuma ta yarda a shigo da garin morfin, maganin zafin ciwo da ake fitarwa daga afiyun. Sai a auna garin, a dama da ruwa, a zuba a kwalba, a sa masa launi domin a rarrabe mai ƙarfi da mai sauƙi. Majinyaci yana kwance a ɗakinsa, 'yarsa ko matarsa ce za ta ba shi a baki duk bayan sa'a huɗu. Ba a jira sai zafin ya taso, kan lokaci ake bayarwa, domin kada tsoho ya koma mai roƙon magani a gidan da shi ya gina. Cikin 2004 kuma dokar ƙasar ta ba ma'aikatan jinya da aka horar izinin rubuta shi, tun da likitoci ba su kai ƙauyuka ba.

To, mai ilmi zai tambaya, ashe wannan ba ya gusar da hankali? Idan an auna shi daidai da zafin ciwon, abin da kan faru shi ne gyangyaɗi na 'yan kwanaki, sa'an nan ya wuce. Zafin da ba a kashe ba shi ne ma ke hana mutum natsuwar salla da zikiri. Illar da ba ta wucewa ita ce taurin ciki, a can kuwa har da busassun 'ya'yan gwanda da aka daka ake maganinta. Gyambo mai wari kuma, sai a niƙa ƙwayar Flagyl a barbaɗa masa, warin ya kwanta, masu dubiya su komo su zauna kusa.

Sauran abin bai bukaci kuɗi ba. A rufe al'aurar tsoho sa'ad da ake masa wanka, a buɗe gaɓa ɗaya kawai wadda ake wankewa. A kira shi Baba ko Malam yadda aka saba. Kada a tsaya bisa kansa ana shawarar jikinsa kamar ba ya nan, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Mafi wuya duka shi ne gaya masa gaskiya. 'Ya'ya sukan roƙi likita ya ɓoye, don tausayi. Amma falke ko mai rumfa, yawancin bashinsa da ajiyar mutane cikin kansa suke, ba a takarda ba. In aka yi ta ce masa sauƙi na nan tafe har harshe ya yi nauyi, an hana shi biyan bashi, da mayar da amana, da neman gafarar abokin ciniki, da yin wasiyya cikin sulusin dukiyarsa. Abin da ake koya wa ma'aikatan wannan fanni shi ne su zauna daidai da shi, su fara tambayarsa abin da ya fahimta game da ciwonsa, da iyakar abin da yake son ji. In ya ce a gaya wa babban ɗansa, a gaya masa. In ya ce a faɗa masa duka, a faɗa da sannu, a kuma aika a kira waɗanda ya ce yana son gani.