Katin Susun Mma



Kowa na shan koko da safe a Fadama da Nima, amma ba kowa ya san yaushe aikinsa ke farawa ba. Ni na sani, domin Mma mai koko ce. Sai an jiƙa gero ya kwana, a kai nika-nika tare da citta, kanumfari da barkono, a tace, a bar shi ya yi tsami. Ƙarfe uku na dare take hura wuta. Lokacin da ladan zai kira sallar asuba, har ta dama, man ƙosai ma ya yi zafi.

Ribar ba ta da yawa. Asirin yana cikin wani ɗan kati da take ɓoyewa a ƙasan kwano. Kullum mai susu zai zo, ta ba shi abin da suka yanka, ya ja layi ɗaya. Layi 31 ne a katin. Ƙarshen wata ya maido mata kuɗinta, ya riƙe na kwana ɗaya ladan aikinsa. Ko ciniki bai yi ba, Mma ba ta tsallake rana. Daga nan kuɗin Malam ke fitowa, da na littattafai, da ɗinkin Sallah.

A watan Yuni na 2015, bayan ambaliyar da ta ci rayuka a Accra, aka rushe ɗakunan da ke bakin Odaw. Namu yana ciki, kuma azumi bai daɗe da kamawa ba. Ina ƙarami, amma na tuna kukan mutane. Mma kuwa tukunyarta da katin nan ta fara ɗauka, ta ce da yayana, "Riƙe hannun ƙaninka." Da yamma ta dama kokon buɗa baki a gefen hanya.

Wani lokaci shirun nata yana ba ni haushi, gaskiya. Ko ba ta da lafiya, sai ta ce "da sauƙi". Sai bara na lura yayata, da ke koyon ɗinki a Maamobi, ita ma ta yanki katinta. Na tambaye ta wa ya sa ta. Ta ce ba kowa.