Fitowar Joker ta Farko a Labaran Zane na Amurka

Manufar wannan maƙala ita ce a duba yadda wani mugu ya fara fitowa a cikin wani reshe na adabin Amurka, watau labaran da a ke bayarwa ta hanyar jerin zane-zane, maganar 'yan wasa tana rubuce a saman kawunansu. Mugun shi ne Joker, abokin gābar jarumin nan Batman.

Shi Batman ya fara bayyana ne a shekarar 1939, a fitowa ta 27 ta mujallar Detective Comics. Da kamfanin ya ga ya karɓu, sai ya ware masa mujalla tasa ta kansa, wadda fitowarta ta farko ta shiga kasuwa a 1940, a kan kuɗi santi 10. A cikinta ne aka fara ganin Joker, a labarai guda biyu, na farko da na ƙarshe.

Zubin labarin farko abin lura ne ƙwarai. Ba a buɗe shi da jarumi ba. An buɗe shi ne da mutane zaune a gidajensu suna sauraron rediyo, sai wata baƙuwar murya ta katse shirin, ta ba da sanarwa cewa da ƙarfe sha biyun dare za a kashe wani attajiri mai suna Henry Claridge, a kuma ɗauke wani lu'ulu'u da ya mallaka. 'Yan sanda suka cika gidan, suka kewaye shi. Agogo na buga sha biyu sai ya faɗi matacce, bakinsa a yage kamar mai ƙyalƙyala dariya. Da aka buɗe ma'ajiyarsa sai aka tarar da lu'ulu'un jabu ne. Daga baya mai karatu ya ke gane asirin: tun daren jiya Joker ya shiga gidan, ya yi wa mutumin allurar guba mai ɗaukar sa'a 24 kafin ta yi aiki, ya kuma musanya dutsen. Ke nan lokacin da ya ke magana a rediyo aikin gama ya riga ya gama, 'yan sanda gadin gawa kawai su ke yi ba su sani ba.

A nan ne ƙarfin wannan mugu ya ke. Ɓarawo na yau da kullum duhu ya ke nema, shi kuwa wannan shela ya ke yi, domin abin da ya ke so bai tsaya ga dukiya ba, so ya ke a gan shi yana kunyata hukuma a bainar jama'a. Zaɓen rediyo ma ba banza ba ne. A wancan zamani ita ce muryar da kowane gida ya amince da ita, kuma shekaru biyu kacal kafin nan, watau a 1938, wani wasan kwaikwayo na Orson Welles a rediyo game da harin halittun duniyar Mars ya firgita waɗansu masu sauraro. Mai karatu na 1940 ya san abin da a ke nufi idan murya ta katse shiri.

Sauran kashe-kashen sun bi wannan sawu, ko da ya ke dabarar tana canzawa. Wajen Jay Wilde ya ɓuya ne cikin wani tsohon sulke da aka ajiye don ado, ya ɗauke masa yaƙutu. Wajen alƙali Drake, wanda ya taɓa ɗaure shi, ya yi shigar shugaban 'yan sanda, ya zauna tare da shi a ɗaki. Batman ya kama shi a ƙarshe, amma in za a faɗi gaskiya labarin na Joker ne, jarumin biye da shi kawai ya ke.

Siffarsa kuwa tun ranar farko a cike ta zo: fuska fara fat, gashi kore, leɓuna jawur, kwat mai launin shunayya, da katin karta da ya kan bari a matsayin shaidarsa. Ba a faɗi sunansa na yanka ba, ba a kuma ce ga abin da ya mai da shi haka ba. Sai a 1951, a fitowa ta 168 ta Detective Comics, aka ƙaga masa asali, cewa ya faɗa cikin ruwan sinadarai ne. Ana iya cewa labarin farko ya fi ban tsoro saboda wannan shiru da ya yi.

Game da wanda ya ƙirƙire shi, an daɗe ana ja-in-ja. Mutum uku ne ke da hannu: Bob Kane, wanda sunansa kaɗai ke fitowa a jikin mujallar, da marubuci Bill Finger, da wani matashin mai zane, Jerry Robinson. Robinson ya ce shi ya kawo shawarar daga katin karta. Kane ya ce shi da Finger ne, kuma fuskar an ɗauko ta ne daga hoton ɗan wasa Conrad Veidt a fim ɗin The Man Who Laughs na 1928, wanda aka gina a kan littafin Victor Hugo na Faransa, labarin wani da aka yanka wa baki yana yaro har ya zama kullum kamar yana murmushi. Babu abin da zai hana maganganun biyu su zama gaskiya a lokaci guda. Finger dai ya rasu a 1974, kuma sai a 2015 kamfanin ya fara sa sunansa a matsayin wanda aka ƙirƙiri Batman tare da shi.

Abin da ya fi ban mamaki shi ne, ba a yi niyyar Joker ya wuce wannan fitowa ba. A labari na biyu ya tsere daga kurkuku, ya ci gaba da ɓarna, sa'an nan a wajen faɗa da Batman ya soka wa kansa wuƙa a ƙirji. A nan aka so a rufe babinsa, kuma an ruwaito cewa dalilin Finger shi ne, mugun da ke dawowa kullum zai nuna jarumi bai iya aikinsa ba. Editan mujallar, Whitney Ellsworth, bai yarda ba. Ya sa aka ƙara ɗan zane guda a ƙarshen labarin, inda likita ya duba shi ya tarar da sauran numfashi.

Bayan haka halinsa ya yi ta sauyawa. Tun cikin shekarun 1940 aka fara rage masa kisa, kuma da aka kafa hukumar tace labaran zane a 1954 sai ya koma ɗan barkwanci mai satar ban dariya. Marubuci Dennis O'Neil da mai zane Neal Adams su ne suka dawo da shi kan halinsa na farko a 1973, a fitowa ta 251 ta mujallar Batman, inda ya bi tsofaffin yaransa yana kashe su ɗaya bayan ɗaya.