Fitsarin Jini Ba Alamar Girma Ba Ne

Mai gida, ka saurara. Mutane da yawa suna cewa in yaro ya yi fitsarin jini, wai ya fara zama namiji ke nan. Wannan magana kuskure ce. Cuta ce, sunanta tsargiya.

Ga yadda ta ke shiga. Akwai waɗansu ƙananan katantanwa da ke zaune cikin ruwan da ba ya gudu sosai, kamar kududdufi da hanyoyin ruwan noman rani irin na Kadawa. Ko a cikin birnin Kano, dattawan Koki sun san kududdufan da aka haƙa don ƙasar gini, inda yara kan yi iyo da damina. Daga jikin katantanwar nan tsutsotsi ke fitowa, ido ba ya ganinsu. Sai su huda fatar mai wanka, su zauna cikin jijiyoyin jini na mafitsara, suna zuba ƙwai. Ƙwan nan ne ke yi wa mafitsara rauni.

In aka bar raunin shekara da shekaru, yana iya rikiɗa ya zama ciwon daji. Wani likita, Ferguson, ya lura da haka a Masar tun 1911. Shan taba ma yana kawo wannan ciwo.

To, yau likitoci suna da dabarar gane zafin ciwon. Su kan ɗebi ɗan tsokan ƙarin, su duba da madubin likita, su nemi waɗansu sinadarai da a ke kira furotin. Ɗaya sunansa p53, shi ne kamar mai gadi, yana hana ɓatattun ƙwayoyin jiki hayayyafa. In ya lalace, ciwon ya kan yi tsanani. Wani kuma sunansa Ki-67, in ya yi yawa, watau ƙarin yana girma da sauri. Da irin wannan awo likita kan ƙara sanin maganin da ya dace.

Amma abin da ya fi duka nauyi shi ne ranar da ka je asibiti. Ƙarin da ke saman fatar mafitsara ana iya kankare shi ta hanyar fitsari, ba sai an tsaga ciki ba. In ya riga ya ci cikin tsoka, aikin ya zama babba, wani lokaci sai an cire mafitsarar duka.

Saboda haka:

Ka hana yara wanka da fitsari a kududdufi.

In ma'aikatan lafiya sun kawo ƙwayar praziquantel makaranta, ka bar ɗanka ya sha.

In kai babba ne, ko uwargida, kuka ga jini cikin fitsari ko sau ɗaya, ko da babu zafi, kada ku tsaya jiƙe-jiƙe. Ku je asibitin da ke kusa. In abin ya fi ƙarfinsu, su kan tura mutum Asibitin Murtala, kusa da Ƙofar Mata, ko Asibitin Malam Aminu Kano.

Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Allah ya ba mu lafiya, amin.