Dalilin Katsewar Waya Lokacin Mahaukaciyar Guguwa

Ran 20 ga Satumba, 2017, mahaukaciyar guguwar da aka laƙaba wa suna Mariya ta afka wa tsibirin Puerto Rico. Kashegari aka tarar kashi 95 cikin ɗari na turakun wayar salula sun daina aiki, intanet kuma ta katse.

Dalili kuwa shi ne, iska ta kakkarya turakun lantarki, ta tsittsinka wayoyin da ke kansu. Batirin turken sadarwa na 'yan sa'o'i ne kurum. Janareto kuwa sai da mai, ga shi hanyoyi sun toshe.

Saboda haka ake gargaɗin magidanta su tanadi rediyo mai batir. In layi ya cunkushe, rubutaccen saƙo ya fi kira saurin isa.