Waɗanda Ƙidaya Ta Tsallake

Shirinmu na musamman na yau a kan 'yan uwanmu masu buƙata ta musamman ne, makafi da kurame da guragu da sauransu.

Su nawa ne a Najeriya? Ƙidayar 2006 ta ce miliyan 3 da 'yan kai, cikin mutum miliyan 140. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2018 kuwa ya kai wajen miliyan 29. Ina sauran suka shiga?

Wasunsu tun a zaure aka ɓatar da su. Malamin ƙidaya ya yi sallama ya ce, "Maigida, akwai naƙasasshe a gidan nan?" Maigida ya ce babu, alhamdu lillahi. Alhali a ɗaki ga tsohuwa yanar ido ta rufe mata gani, ga yaron da sanƙarau ya tafi da jinsa, ga yarinyar da ake ɓoyewa don gudun kada manema auren yayyenta su janye. Da tambaya aka yi ko akwai mai wahalar gani, ko ji, ko tafiya, da amsar ta sauya. Wanda kuwa ba a rubuta ba, ba a ware masa kujera a aji, ba a sa shi a kasafi. Tun 2006 ba a sake ƙidaya ba, wadda aka shirya a 2023 ma ɗage ta aka yi.

Doka dai akwai. A Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana wariya ga naƙasassu. Ta ba su ilimi kyauta har sakandare, da kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati. Ta ba gine-ginen jama'a shekara 5 su gyara hanyoyin shigarsu, wa'adin kuma ya cika a Janairun 2024.

To mai sauraro, in ka fita gobe ka duba da idonka. Ka tsaya a ƙofar banki, ɗan kejin nan da mutum ɗaya ke shiga a tsaye. Mai keken guragu a waje yake zama cikin rana, har sai mai gadi ya ga dama ya kira wani. Ka leƙa ɗakin awon ciki. Kurma ta zo da juna biyu, ungozoma na yi mata bayanin magani da baki, babu mai fassara da maganar hannu. Sai ta gyaɗa kai ta tafi, ba ta san sau nawa za ta sha ba. Wannan abu yana ci mini rai, domin rayuka biyu ne a hannun Allah a hannun wannan bayani.

A Agustan 2020 aka tabbatar Najeriya ta rabu da asalin ƙwayar shan inna, muka yi murna, kuma ta cancanci murna. Amma waɗanda cutar ta riga ta taɓa suna nan, da yawa sun zama iyaye. A Kano wasunsu sun haɗa kai suna walda, suna ƙera keken guragu da hannunsu. Su ba sadakar Juma'a suke nema ba. Jari suke nema, da kwangila, da makarantun kurame da makafi irin ta Tudun Maliki a kusa da gida, domin ɗan ƙauyen da ba ya ji ko ba ya gani, in ba a kai shi birni ba, da wuya ya ga cikin aji.